Hasashen ƙonewar roba a haɗaɗɗun kayayyaki bayan gobarar Grenfell

Hasashen ƙonewar roba a haɗaɗɗun kayayyaki wani fanni ne na kimiyyar gobara da ake amfani da lissafi da kwamfuta a cikinsa domin gano abin da zai faru da roba idan zafi ko wuta ta same ta, alhali tana haɗe da wani abu kamar alminiyam, zaren gilashi ko zaren kabon. Da irin waɗannan kayayyaki ake lulluɓe bangon dogayen gine-gine, da su kuma ake ƙera gangar jikin jiragen sama na zamani, da ƙananan jiragen ruwa, da fukafukan injinan da ke samar da lantarki daga iska.

Fannin ya daɗe a ɗakunan bincike na jami'o'i da na soja, amma ya shiga bakin jama'a ne bayan gobarar hasumiyar Grenfell da ke birnin Landan a ranar 14 ga watan Yuni, 2017, wadda ta yi sanadiyyar mutuwar mutum 72. Binciken da gwamnatin Birtaniya ta sa aka yi, wanda rahotonsa na ƙarshe ya fito a watan Satumba na 2024, ya nuna cewa allunan alminiyam masu roba a tsakiya su ne babban dalilin da ya sa wutar ta bazu da sauri. Tun daga lokacin ake muhawara a kan tambaya guda: har ina za a iya dogara da hasashen kwamfuta, ko ƙaramin gwaji na ɗakin bincike, wajen yanke hukunci a kan kayan da rayukan mutane suka rataya a kansu.

## Ma'anar kalmomi

A Hausa kalmar roba ta game abubuwa da dama, tun daga tayar mota da takalmi har zuwa bokiti, leda da kujerar biki. A kimiyya dukkansu suna cikin rukunin da ake kira polima, wato sinadarai waɗanda ƙwayoyinsu suka jeru cikin dogayen sarƙoƙi. Ana raba su gida biyu gwargwadon yadda suke amsa zafi. Kashi na farko yana narkewa idan ya ji zafi, ya sake daskarewa idan ya huce. Poliyetilin, wadda da ita ake yin leda da jarka, tana cikin wannan kashi. Kashi na biyu ba ya narkewa bayan ya daskare, domin sarƙoƙinsa sun ƙulle da juna. Idan zafi ya yi yawa sai dai ya yi laushi, daga baya ya ruguje. Danƙon ifoksi da danƙon finolik suna cikin wannan kashi.

Haɗaɗɗen kaya shi ne wanda aka haɗa abu biyu ko fiye aka yi shi, kowanne yana ba da abin da ɗayan ya rasa. Magina a ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan dabara, inda suke cuɗa ƙasa da ciyawa ko harawa domin kada tubali ya tsage. A kayan zamani roba ce take zama a matsayin ƙasar, zaren gilashi ko na kabon kuma a matsayin ciyawar. Akwai kuma wani nau'in da ake jera abubuwan falle-falle, kamar allon lulluɓin bango mai fallen alminiyam biyu da roba a tsakaninsu.

Samfurin lissafi kuwa jerin ƙa'idojin lissafi ne da ke wakiltar abin da ke faruwa a zahiri. Ana ba kwamfuta waɗannan ƙa'idoji tare da bayanan kayan, ita kuma ta fitar da kwaikwayon yadda zafi zai ratsa shi daƙiƙa bayan daƙiƙa.

## Abin da zafi yake yi wa roba

Daskararriyar roba ba ita ce take ci da wuta kai tsaye ba. Abin da ke faruwa shi ne zafi yana kakkarya dogayen sarƙoƙin nan zuwa ƙanana, su fita a matsayin tururi mai kama wuta, tururin ya gauraya da iskar oksijin ya kama. Wannan rugujewa ta dalilin zafi ita ake kira firolisis. Harshen wutar da ya tashi yana mayar da wani kaso na zafinsa kan robar, ta ƙara fitar da tururi, a haka wutar take ciyar da kanta.

Kafin a kai wannan mataki akwai wasu sauye-sauye. Poliyetilin tana narkewa tsakanin digiri 105 zuwa 135 a ma'aunin Selshiyas, gwargwadon nau'inta, sannan ta fara rugujewa sosai idan zafi ya kai wajen digiri 400. Kilo ɗaya nata yana fitar da zafin da ya kai kimanin megajul 43, kusan daidai da na man fetur, kuma ya ninka na busasshen itace fiye da sau biyu. Alminiyam yana narkewa a digiri 660, wanda gobarar ɗaki take wucewa cikin sauƙi.

Robar da ba ta narkewa tana da wani mataki da ake kira matakin laushi. Ga yawancin danƙon ifoksi wannan mataki yana tsakanin digiri 100 zuwa 200. Da zarar an wuce shi, danƙon ya daina riƙe zaren da ke cikinsa da kyau. Saboda haka ginshiƙin da aka yi da zaren gilashi da danƙo, idan nauyi yana danne shi, yana iya lanƙwashewa ya faɗi tun kafin ya kama da wuta. Idan kuwa jansa ake yi, yakan ƙara daɗewa, domin zaren ne yake ɗauke da nauyin.

Wasu nau'o'in roba, musamman finolik, suna barin gawayi a bayansu. Wannan gawayi yana zama garkuwa, yana rage zafin da ke shiga ciki. Poliyetilin ba ta barin gawayin kirki. Tana narkewa, ta kwarara, ta riƙa ɗiga tana ci da wuta. A kayan da aka jera falle-falle kuma, tururin da ya taru a ciki yana iya ɓamɓare fallen daga juna, abin da ke sauya hanyar da zafi yake bi gaba ɗaya.

## Yadda ake gina samfurin lissafi

Tushen lissafin tsoho ne. Ƙa'idar yadda zafi yake ratsa daskararren abu ta fito ne daga masanin lissafi ɗan Faransa Joseph Fourier a shekarar 1822. Ƙa'idar da ke nuna yadda saurin sauyin sinadarai yake ƙaruwa idan zafi ya ƙaru ta Svante Arrhenius ce, ɗan ƙasar Suwidin, a 1889. A shekarar 1985 J. B. Henderson da abokan aikinsa a Amurka suka haɗa waɗannan a samfuri guda domin kayan zaren gilashi da danƙon finolik. Samfurin nasu yana lissafa zafin da ke ratsawa, da zafin da rugujewar danƙon take cinyewa, da kuma sanyin da tururi yake kawowa yayin da yake fita ta cikin gawayi. Yawancin samfuran da suka biyo baya a kansa suka ɗora. A. G. Gibson na Jami'ar Newcastle da A. P. Mouritz na Jami'ar RMIT da ke Melbourne sun ƙara masa lissafin ƙarfin ɗaukar nauyi, ta yadda za a iya ƙiyasta mintunan da kaya zai yi kafin ya karye.

Samfuri ba ya aiki sai an ba shi alƙaluma, su kuma daga gwaji ake samo su. Akwai na'urar da ake ɗora ɗan guntun roba da bai wuce 'yan miligiram ba a kan ma'auni, a riƙa ƙara masa zafi sannu a hankali ana duba yadda nauyinsa yake raguwa. Akwai kuma kalorimita mai mazurari, wadda Vytenis Babrauskas ya ƙirƙiro a hukumar ma'auni ta Amurka a farkon shekarun 1980. A cikinta ana ɗora kaya mai faɗin santimita 10 da tsawon santimita 10 ƙarƙashin murhu mai siffar mazurari, a auna iskar oksijin da wutar take cinyewa. Dabarar ta dogara ne a kan abin da Clayton Huggett ya tabbatar a 1980, cewa kusan duk abin da ke ci da wuta yana fitar da kimanin megajul 13.1 a kan kowane kilo na oksijin da ya cinye.

Manhajojin da aka fi amfani da su sun haɗa da FDS, wadda hukumar NIST ta Amurka ta fara fitarwa a shekarar 2000 kuma take raya ta tare da cibiyar VTT ta ƙasar Finland. FDS tana yanka sarari zuwa ƙananan akwatuna masu yawan gaske, ta lissafa motsin iska da hayaƙi da zafi a kowanne. Akwai kuma Gpyro da ThermaKin, waɗanda suka fi mai da hankali a kan abin da ke faruwa a cikin daskararren kayan kansa.

## Gobarar Grenfell

Hasumiyar Grenfell gini ne na gidajen haya mai hawa 24, mai tsayin kimanin mita 67, a unguwar Kensington ta Arewa a yammacin Landan. An kammala shi a 1974 da kankare. Tsakanin 2015 da 2016 aka yi masa kwaskwarima, aka manna soson tare sanyi a jikin bangonsa ta waje, aka bar ɗan sarari, sannan aka lulluɓe da allunan alminiyam. Allunan samfurin Reynobond 55 PE ne na kamfanin Arconic: fallen alminiyam biyu, kowanne mai kaurin rabin milimita, da poliyetilin mai kaurin milimita 3 a tsakani. Yawancin soson RS5000 ne na kamfanin Celotex, da ɗan kaɗan na K15 na kamfanin Kingspan. Da farko an tsara amfani da allunan tutiya, aka sauya zuwa na alminiyam domin a rage kuɗin aiki da kusan fam 300,000.

Milimita 3 abu ne da ido zai raina, amma a kowace murabba'in mita ɗaya ta bango ya kai kusan kilo 3 na roba, wato zafin da ya haura na lita 3 na fetur, kuma duk kusurwoyi huɗu na ginin an lulluɓe su da shi.

Wutar ta fara ne daga firji a ɗakin girkin wani gida a hawa na huɗu. An kira 'yan kwana-kwana da ƙarfe 12:54 na dare. Rahoton farko na kwamitin bincike, wanda tsohon alƙali Sir Martin Moore-Bick ya jagoranta kuma ya fito a watan Oktoba na 2019, ya bayyana cewa mai yiwuwa wutar ta samu hanya ne ta gefen taga, inda robar da aka kewaye tagar da ita ta yi laushi ta saki. Da misalin ƙarfe 1:09 wutar ta bayyana a jikin lulluɓin waje, zuwa 1:27 ta kai ƙololuwar ginin. Hawa ashirin ke nan cikin ƙasa da minti ashirin.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi jan hankalin masana. A saman ginin akwai wani ado mai kama da kambi da aka yi da irin waɗannan alluna. Wutar ta bi wannan kambi ta zagaya, narkakkiyar roba mai ci da wuta ta riƙa zubowa ƙasa tana kunna sabbin wurare a sauran ɓangarorin. Wato wutar ta hau sama, ta yi gefe, ta kuma gangaro. An ci gaba da gaya wa mazauna su zauna a gidajensu har zuwa ƙarfe 2:47, domin tsarin ginin ya ginu ne a kan zaton cewa wuta za ta tsaya a gidan da ta tashi. Binciken ya gano cewa hayaƙi mai guba, musamman iskar kabon monoksaid, shi ya fara galabaitar da waɗanda suka rasu a cikin ginin.

## Gwaje-gwajen da suka gabaci gobarar

Haɗarin bai kasance ɓoyayye ga kowa da kowa ba. An yi gobarar lulluɓin bango a Knowsley Heights a 1991, da Garnock Court a Skotland a 1999. A shekarar 2001 cibiyar binciken gine-gine ta BRE ta yi babban gwaji da kuɗin gwamnati a kan allon alminiyam mai poliyetilin, ya kama da ƙarfin da sai da aka dakatar da gwajin cikin 'yan mintuna. Rahoton 2024 ya zargi gwamnati da rashin ɗaukar mataki a kan wannan sakamako. A waje kuma an ga irin haka a ginin Lacrosse da ke Melbourne a 2014, da otal ɗin Address Downtown na Dubai a daren ƙarshe na shekarar 2015.

Matsala ta farko tana cikin irin gwajin da doka ta yarda da shi. Tsohon matakin Birtaniya da ake kira Class 0 yana duba yadda wuta take yaɗuwa a saman fuskar kaya ne. Allon da fuskarsa alminiyam ce yana iya tsallake wannan gwaji, domin robar tana ɓoye a ciki, kuma ƙaramin gwaji ba ya kai ta ga fitowa.

Matsala ta biyu ita ce siffa. Ana iya kafa allon a shimfiɗe da ƙusoshi, ana kuma iya lanƙwasa gefunansa ya zama kamar tire a rataya shi. Domin a lanƙwasa shi sai an tsaga fallen ciki, abin da ke tone robar, gefen tiren kuma yana tara ta idan ta narke. Gwajin da aka yi wa kayan Arconic a cibiyar CSTB ta Faransa wajen 2004 zuwa 2005 ya nuna cewa nau'in tire ya fi mai ƙusa muni nesa ba kusa ba, duk da cewa sinadarinsu ɗaya ne. Kwamitin bincike ya gano cewa kamfanin ya ɓoye wannan sakamako ga kasuwa. Nau'in tire ne aka sa a Grenfell.

Matsala ta uku ita ce gaskiyar bayanai. Babban gwajin Birtaniya, BS 8414, ana gina bango mai tsayin aƙalla mita 8 a cinna tarin katako a gindinsa, a auna zafin da ya kai sama. Rahoton ya ce a gwajin da Celotex ya yi a watan Mayu na 2014 an saka allunan magnesiyam oksaid masu jure wuta a wuraren da ake auna zafi, ba a kuma ambace su a rahoton gwajin ba. Kingspan kuwa ya yi shekaru yana sayar da K15 bisa gwajin 2005 da aka yi a kan tsohon nau'in soson, alhali an sauya yadda ake yin sa. Kwamitin ya bayyana halayyar waɗannan kamfanoni a matsayin rashin gaskiya da aka tsara.

A kan waɗannan sakamako ne aka riƙa ɗora abin da ake kira nazarin kan tebur, wato ƙwararre ya dubi gwajin wani tsarin bango ya rubuta cewa wani tsarin daban, wanda ba a gwada ba, shi ma zai tsallake. Wannan shi ma nau'i ne na hasashe, ko da babu kwamfuta a ciki. Idan tushen ya gurɓata, duk abin da aka ɗora a kansa ya gurɓata.

## Kwaikwayon gobarar bayan ta faru

A watannin Yuli da Agusta na 2017 gwamnati ta sa BRE ta yi manyan gwaje-gwaje bakwai, ana sauya nau'in allo da nau'in soso. Allon poliyetilin ya faɗi gwajin cikin ƙasa da minti goma, ko da soson roba aka haɗa shi, ko da ulun dutse wanda ba ya ci da wuta. Wannan ya nuna inda babban laifin yake. Masu bincike a Jami'ar Central Lancashire, ciki har da Richard Hull da Anna Stec, sun wallafa a 2019 cewa ƙololuwar zafin da allon poliyetilin yake fitarwa ta ninka ta allon da ya fi jure wuta sau 55. Farfesa Luke Bisby na Jami'ar Edinburgh da Farfesa José Torero suna cikin ƙwararrun da suka ba kwamitin bincike shaida a kan yadda wutar ta yaɗu.

Eric Guillaume da abokan aikinsa a kamfanin gwajin gobara na Efectis sun yi amfani da FDS suka sake gina gobarar a kwamfuta, suka wallafa sakamakon kashi-kashi a mujallar *Fire and Materials*. Sun bi mataki-mataki ne: suka daidaita samfurin da ƙananan gwaje-gwaje, sannan da matsakaita, sannan da manyan gwaje-gwajen BRE, kafin su ɗora shi a kan ginin, suna kwatanta abin da ya fito da hotuna da bidiyon daren gobarar. Amfanin irin wannan aiki shi ne yana ba da damar yin tambayoyin da ba za a iya gwadawa a zahiri ba, misali me zai faru da a ce wani allo aka sa, ko wani soso.

Sai dai wannan kwaikwayo an yi shi ne bayan an riga an san amsa. Samfurin da aka gyara har ya yi daidai da abin da ya faru bai tabbatar da cewa zai iya hango gobarar da ba ta faru ba tukuna.

## Iyakar hasashe

An taɓa gwada wannan bambanci a fili. A shekarar 2006 masu bincike na Jami'ar Edinburgh sun cinna wuta da gangan a wani gida cikin tsohon bene a unguwar Dalmarnock ta birnin Glasgow. Kafin a bayyana sakamako an ba ƙungiyoyi bakwai na ƙwararru bayanin ɗakin da kayan da ke cikinsa, aka ce su yi hasashe. Sakamakon da Guillermo Rein da abokan aikinsa suka wallafa a 2009 ya nuna hasashen ya warwatsu ƙwarai, ya kuma yi nisa da abin da aka auna. Ɗaki ɗaya ke nan mai kujera da tebur da kantar littattafai.

Dalilan wannan rauni sanannu ne. Na farko, samfurin firolisis yana buƙatar alƙaluma masu yawa, wasunsu ba a iya auna su kai tsaye idan kaya yana cikin rugujewa. Abin da ake yi shi ne a sa kwamfuta ta riƙa sauya alƙaluman har sakamako ya dace da gwaji. Amma jerin alƙaluma daban-daban suna iya dacewa da gwaji guda, sannan su ba da amsoshi mabambanta idan yanayi ya sauya. Na biyu, yawancin manhajoji suna ɗaukar daskararren kaya a matsayin abin da ke zaune wuri ɗaya. Narkewa da ɗiga da kwarara, waɗanda su ne suka gangaro da wuta a Grenfell, sai dai a yi musu kwaskwarima da hannu. Haka nan lanƙwashewar alminiyam da faɗuwar allo. Na uku, girma. Sararin da ke bayan allo 'yan santimita ne, gini kuma mita 67, kuma kwamfutar da za ta lissafa duka biyun daki-daki tana buƙatar lokaci mai tsawo. Na huɗu, samfuri yana lissafa ginin da ke kan takarda. A Grenfell an samu shingayen tare wuta da aka kafa ba daidai ba, a wasu wuraren ma babu su.

Domin magance wasu daga cikin waɗannan, ƙungiyar kimiyyar kare gobara ta duniya, IAFSS, ta kafa wani rukunin aiki mai suna MaCFP, inda ɗakunan bincike da dama suke auna roba iri ɗaya su kwatanta sakamako a fili. Sun fara ne da roba mai sauƙin hali wadda ba ta barin gawayi, alamar cewa ko a kan mai sauƙin ma akwai sauran aiki. A Ostireliya kuma Jami'ar Queensland ta buɗe rumbun bayanai na kayan lulluɓin bango wanda kowa zai iya dubawa.

## Jiragen sama

Fannin sufurin sama yana nuna inda haɗa gwaji da lissafi ya fi tafiya da tsari. Kimanin rabin nauyin gangar Boeing 787 haɗaɗɗun kayayyaki ne, na Airbus A350 ya ɗan haura rabi, yawanci zaren kabon da danƙon ifoksi. Kafin a ba su izinin tashi sai da hukumomi suka nemi hujjar cewa ba su gaza alminiyam ba wajen tsare fasinja daga wutar da ta tashi a waje. Zaren kabon ba ya narkewa a zafin da alminiyam yake narkewa, saboda haka ko danƙon ya ƙone, zaren yakan zauna a matsayin labule tsakanin wuta da cikin jirgi na ɗan lokaci.

A ranar 2 ga watan Janairu, 2024, wani A350 na kamfanin Japan Airlines ya yi karo da ƙaramin jirgin masu gadin teku a filin jirgin Haneda na birnin Tokyo. Mutum biyar daga cikin shida da ke ƙaramin jirgin sun rasu. Dukkan mutum 379 da ke babban jirgin sun fita da rai, daga baya jirgin ya ƙone ƙurmus bayan sa'o'i yana ci. Shi ne karo na farko da aka rasa A350 baki ɗaya. Masana sun ɗauki lamarin a matsayin gwaji na zahiri: gangar ta ba da lokacin fita, amma kuma wutar ta yi wuyar kashewa.

## Halin da ake ciki

A watan Disamba na 2018 Ingila ta haramta amfani da kayan da ke ci da wuta a bangon waje na sabbin gidajen zama da suka wuce mita 18, ta kuma taƙaita nazarin kan tebur. A 2022 aka kafa dokar tsaron gine-gine, aka kuma haramta allon ƙarfe mai zallar poliyetilin a sabbin gine-gine komai tsayinsu. Rahoton ƙarshe na kwamitin Moore-Bick ya zo da shawarwari 58. A watan Fabrairu na 2025 gwamnati ta sanar cewa za a rushe hasumiyar sannu a hankali, matakin da wasu iyalan mamatan suka nuna rashin amincewa da shi. Dubban gine-gine a Ingila an gano suna da lulluɓi mai haɗari, kuma aikin sauya shi yana tafiyar hawainiya.

Matsalar ba ta tsaya a Birtaniya ba. A watan Agusta na 2021 wani bene ya ƙone a birnin Milan na Italiya ta hanyar lulluɓinsa, a ranar 22 ga Fabrairu, 2024 kuma gobara a unguwar Campanar ta birnin Valencia a Sifaniya ta kashe mutum 10. A Najeriya ana yawan ganin allunan alminiyam masu roba a fuskar bankuna, gidajen mai da manyan shaguna. Daga waje ba a iya bambanta allon da cikinsa zallar poliyetilin ne da wanda aka cakuɗa da ma'adini. Na biyun yakan ƙunshi kimanin kashi 70 cikin 100 na ma'adini irin alminiyam haidroksaid, wanda yake sakin ruwa idan zafi ya kai wajen digiri 200, ya rage ƙarfin wutar. Bambancin yana cikin takardar shaidar gwaji, da kuma ko gwajin an yi shi a kan irin siffar da za a kafa.

Matsayar da yawancin masana suka ɗauka bayan Grenfell ita ce samfurin lissafi yana da amfani wajen bayyana dalili, da kwatanta kaya da kaya, da zaɓen gwajin da ya kamata a yi, amma bai isa ya maye gurbin gwaji ba inda roba take narkewa ko kaya yake sauya siffa. Shawarwarin rahoton 2024 sun bi wannan layi: a samar da hukuma ɗaya mai kula da harkar gine-gine, a tilasta wa masu ƙera kaya su bayyana dukkan sakamakon gwajin da suke kafa hujja da shi, a kuma mayar da aikin injiniyan gobara sana'a mai rajista wadda doka ta tsare.